Akwati da sanyaya kwamfutar kallo ta falo: ina neman shawara kafin in kashe kuɗi

Baban Sumayya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wata kwamfuta da nake son haɗawa domin falo, wadda aikinta kallo ne kawai: finafinan da na tara a had-dis, karatuttukan malamai da nake saukewa, YouTube, sai kuma ɗan wasan ƙwallo da yara kan yi idan an ba su hutu. Talabijin ɗina mai 4K ne, kuma Kodi nake son sanyawa, wato manhajar da ke tsara finafinai tana nuna su. A yanzu wata tsohuwar kwamfutar ofis nake jonawa, irin doguwar nan da ake tsayarwa a ƙasa, kuma da zarar fim ya kai wurin da ake magana ƙasa-ƙasa sai ƙarar fankarta ta danne muryar masu maganar, ga shi maiɗakina ta gaji da ganinta a gefen kujera tana tara ƙura.

Kabad ɗin da talabijin yake kai yana da kanta ɗaya da babu komai a cikinta, na kuma auna ta da tef: faɗi milimita 520, zurfi 400, tsayi 150. Gabanta ƙofar gilashi ce, bayanta katako ne a rufe, in ban da ɗan hujin da wayoyi suke bi. A Kano nake, falon babu esi sai fankar sama, kuma mafi yawan lokaci da sola muke amfani. Furosesar da na yi niyyar saya ita ce Ryzen 5 5600G, saboda ba ta bukatar katin hoto na daban. Wane akwati ne zai shiga wannan kanta, kuma da me zan sanyaya furosesar yadda ba za a ji motsinta ba?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka fara da awo, domin yawancin masu zuwa wurinmu sai sun sayi akwatin sannan suke tunawa da tef. Tsayin nan na milimita 150 ya riga ya yanke maka rabin shawarar. SilverStone Grandia GD09, wanda aka yi musamman domin ya zauna kusa da amfilifaya, faɗinsa 440 ne amma tsayinsa 170, saboda haka ba zai shiga ba. Fractal Design Node 304 ma ya fita, tsayinsa 210. Abin da ya rage maka shi ne siraran akwatunan da ake kwantarwa, kuma a cikinsu wanda aka fi sani shi ne Node 202, mai lita 10.2, wanda tsayinsa a kwance bai kai milimita 90 ba.

Wannan yana nufin bod ɗinka, babban allon da ake jona furosesa da sauran kaya a kai, dole ya zama Mini-ITX, wato milimita 170 a kowane gefe, girman da kamfanin VIA ya fito da shi a 2001. Fawa-fak ɗinka kuma, wato na'urar da ke ba kayan ciki wuta, dole ya zama ƙaramin nau'in da ake kira SFX, irin wanda ke cikin tsohuwar kwamfutarka ba zai shiga ba. Abin da ya fi kama mutane shi ne tsayin ƙarfen da ke shan zafin furosesa: Node 202 ba ya karɓar abin da ya wuce milimita 56. Noctua NH-L9a mai milimita 37 zai shiga da rara, haka nan Thermalright AXP90-X47 mai 47. Ka dai lura da cewa NH-L9a na AMD ne, NH-L9i kuma na Intel, sannan kowanne yana da na soket ɗinsa, wato mazaunin furosesa a kan bod, naka AM4 ne.

Ɗan Zage-zage:
Ni a ganina, Yaya, tunda zafi ne matsalar, me zai hana ka sa mai sanyayawa da ruwa? Shi ne ya fi kowanne ƙarfi, kuma shi masu wasan kwamfuta suke amfani da shi.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Ƙanena, radiyetan da ke huce ruwan ba shi da wurin zama a akwati irin wannan, kuma ko da ya samu, famfon da ke zagaya ruwan yana da nasa zizar da ba ta tsayawa muddin kwamfutar tana kunne. A ɗakin wasa ba za ka ji ta ba, amma a falo da dare, lokacin da aka rage murya saboda yara sun yi barci, ita za ka riƙa ji. Ruwan kuma yana raguwa a hankali da shekaru, famfon yana iya tsayawa, alhali ƙarfe da fanka idan fankar ta mutu musanya ta kawai za ka yi.

Injiniya Mai Ritaya:
Assalamu alaikum. Na karanta tambayar da amsoshin, kuma duk abin da Mai Gyara ya faɗa game da awo daidai ne, sai dai ina ganin mun fara gini daga rufi. Malam Baban Sumayya, akwatin da ya kamata ya dame ka ba wanda za ka saya ba ne, wanda kafinta ya riga ya yi maka ne, wato kabad ɗin.

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta shi ne ta kwashe zafi daga ƙarfe ta zuba shi a iskar da ke kusa, kuma idan iskar nan ba ta da hanyar fita, ita ɗin ce za ta sake dawowa cikin fankar bayan ta ƙara ɗumi. Kanta mai gilashi a gaba da katako a baya tanda ce ƙarama. Kowane wat da kwamfutar ta ja daga bango zafi yake komawa, babu wanda yake ɓacewa, kuma duk a cikin kantar zai taru.

Sai kuma abin da masu karanta gwaje-gwajen Turai suke mantawa. Waɗannan gwaje-gwajen ana yin su ne a ɗakunan da zafinsu bai cika wuce digiri 20 zuwa 25 ba. Mu ɗauki misali: idan mai gwaji ya ce furosesa ta tsaya a digiri 70 a ɗaki mai digiri 22, ainihin abin da ya gaya maka shi ne ƙarfen yana riƙe ta a digiri 48 sama da iskar ɗakin. Wannan tazarar ita za ka ɗauka ka kawo gidanka. A Kano a watan Afrilu zafin rana yakan kusanci digiri 40, falo mai rufin kwano ba ya nisa da haka, kuma cikin rufaffen kabad zai iya kai wa 45 bayan awa biyu ana kallo. Ka haɗa 45 da 48, ka samu 93, alhali iyakar da AMD ta sa wa 5600G ita ce 95. Furosesar ba za ta ƙone ba, domin tana rage gudunta da kanta idan ta kai iyaka, amma kafin nan fankar za ta tashi da dukan ƙarfinta, kuma ƙaramar fankar NH-L9a mai milimita 92 tana iya kai wa juyi 2,500 a minti. Ka ga ke nan ka sayi sabon kaya, ka dawo da ƙarar da ka gudu.

Wani abu kuma: wat 65 da aka rubuta a kwalin 5600G ba shi ne iyakar abin da take ja ba. Furosesoshin AM4 masu wannan lamba ana ba su damar kai wa wat 88 idan aiki ya yi nauyi. Haka Intel i3-12100, an rubuta 60 amma tana iya hawa 89.

Baban Sumayya:
Ranka ya daɗe, Injiniya, wannan lissafin bai taɓa zuwa mini ba, ni dai lambar da na gani a bidiyo nake ɗauka kamar haka za ta kasance a ko'ina. To amma shin kallon fim yana sa furosesa ta ja wuta haka? Na ɗauka aiki ne mara nauyi.

Injiniya Mai Ritaya:
Tambayar ta yi kyau, kuma amsarta ta danganta da irin fim ɗin. A cikin furosesa akwai wani ɗan sashe da aka keɓe domin warware bidiyo, kuma idan tsarin da aka matse fim ɗin da shi yana cikin waɗanda sashen ya sani, aikin yakan tafi da wuta kaɗan, fankar ma da ƙyar za ta motsa. 5600G ta san H.264 da HEVC da VP9, waɗanda su ne mafi yawan abin da ke cikin had-dis ɗinka. Abin da ba ta sani ba shi ne AV1, tsarin da ya fito a 2018 wanda YouTube da Netflix suke amfani da shi a wani ɓangare na bidiyonsu. Idan ta haɗu da AV1 mai 4K sai ta warware shi da ƙarfin ƙwaƙwalwarta gaba ɗaya, tana iyawa, amma a nan ne zafi yake tashi. Sai kuma wasan yara, wanda shi ne zai riƙa kai ta ƙololuwa.

Shi ya sa nake ganin sanyaya mafi arha ita ce zafin da ba ka haifar ba tun farko. Da kallo ne kaɗai, da na ce ka duba Intel N100, wadda ta fito a 2023, lambarta wat 6, kuma tana warware AV1 da HEVC a wannan sashe na musamman. Akwai bod ɗin ASRock N100DC-ITX da ke zuwa da ita a manne, ƙarfe kawai ne a kanta babu fanka, kuma da cajar laftof mai bolt 19 yake aiki, ba ya bukatar fawa-fak a cikin akwati.

Ɗan Maraɗi:
Ina goyon bayan Alhaji Injiniya, musamman da yake mai tambayar ya ambaci sola. Mu a nan da batir muke kwana, kuma bambancin na'urar da ke jan wat 15 da wadda ke jan 50 ba ƙarami ba ne idan aka yi awa biyar ana kallo kowane dare. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba game da fawa-fak. Shaidar 80 Plus da ake manna musu, mai nuna ƙarancin asarar wuta, ana auna ta ne a kashi 20 da 50 da 100 na ƙarfinsu, matakin Titanium kuma ya ƙara da kashi 10. Idan ka sa fawa-fak mai wat 600 a kwamfutar da ke jan 25, kana aiki da shi ne a kusan kashi 4, wurin da shaidar ba ta yi maka alkawarin komai ba, kuma a nan asararsa ta fi yawa. Asarar nan ma zafi ce, a cikin kantar za ta zauna. Saboda haka ko da 5600G ɗin za ka saya, ka nemi mafi ƙanƙantar SFX mai inganci da za ka samu, kada mai shago ya ruɗe ka da babbar lamba.

Baƙon Jamus:
Gaisuwa ga manya. Ni nawa akwatin babu fanka ko ɗaya a cikinsa, irin na alminiyon ɗin nan ne da kamfanoni kamar Streacom da Akasa suke yi, inda bututun jan ƙarfe suke ɗaukar zafin furosesa su kai shi jikin akwatin, jikin kuma mai tsaga-tsaga ne kamar radiyeta. Shekara uku ke nan ban taɓa jin sautinsa ba, ban kuma taɓa buɗe shi domin shara ba, tunda babu abin da ke jawo ƙura ciki. A ganina wannan ne maganin ƙara da ƙura a lokaci guda, kuma ƙurar hunturu ta Kano ai ba sai an gaya wa kowa ba.

Injiniya Mai Ritaya:
Ɗana, a batun ƙura ka yi gaskiya, amma ka gaya mana digiri nawa ɗakinka yake, kuma a ina akwatin yake zaune.

Baƙon Jamus:
Ɗakin bai cika wuce 22 ba, sai 'yan makonni a tsakiyar shekara, kuma a fili yake a kan tebur. Na gane inda ka dosa, Baba.

Injiniya Mai Ritaya:
To ka gani. Akwatin da babu fanka ya fi kowanne dogara da iskar ɗaki, domin iska mai ɗumi ce take tashi daga tsagoginsa da kanta, mai sanyi ta maye gurbinta, kuma wannan zagayen yana bukatar fili a sama da gefe. A kanta mai tsayin 150 da ƙofa a rufe zagayen ba zai samu ba. Ban ce ba zai yi aiki a ƙasarmu ba, da N100 a fili zai yi, amma da furosesa mai wat 65 a cikin kabad a watan Afrilu ba zan ba ɗan uwana wannan shawarar ba. Ga kuma tsadarsa, da nauyinsa idan za a yi odarsa daga waje.

Sannan ba furosesa kaɗai ke jin zafi ba, ita ce ma ta fi kowa juriya. Yawancin SSD na NVMe, wato ma'ajiyar bayanai marar juyawa da ake maƙalawa a bod, an rubuta musu iyakar aiki digiri 70, had-dis mai juyawa kuma wajen 60, kuma su ba su da fankar kansu, da iskar da ta ratsa akwatin suke rayuwa. Ko fanka ɗaya ce mai juyawa a hankali, bambancinta da babu yana da yawa.

Maman Khalil:
Assalamu alaikum. Ni ba ma'abociyar haɗa kwamfuta ba ce, amma irin wannan na'urar tana falona a Kaduna shekara biyu, kuma ni nake share ta, saboda haka bari in faɗi abin da ba a rubutawa a kwali. Mu mata mun saba rufe kayan wuta da ƙyalle saboda ƙura, rediyo da dikoda da duk abin da ke kan kabad, kuma haka na yi wa tamu da wani leshi mai kyau. Ashe ramukan da take shan iska a samanta suke. Wata rana muna tsakiyar kallo hoton ya fara tsalle, ta mutu da kanta, maigidan ya ɗaga ƙyallen ya taɓa murfin ya janye hannu. Malam Baban Sumayya, idan akwatinka daga sama yake numfashi, ka yi wa mutanen gida bayani tun ranar farko, har da yaran da za su ɗora masa rimot da littafi.

Na biyu, ka duba yadda ake cire ragar tace ƙurar kafin ka biya kuɗi. Tamu sai an kwance sukurori an ɗaga murfi, kuma abin da yake bukatar sukundireba ba a yin sa kowane mako, ana ta cewa gobe har ragar ta zama kamar bargo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu mako biyu ya isa ta toshe.

Mai Gyaran Kwamfuta:
Hajiya ta taɓo abin da muke gani kullum a shago. Node 202 idan an kwantar da shi daga sama furosesar take shan iska, saboda haka gargaɗin ƙyallen ya shafe shi kai tsaye. A kantarka, Malam, zai sami rarar kusan milimita 60 a samansa, wadda ta isa idan iskar kantar tana sauyawa.

Game da ƙura akwai dabara ɗaya da ta fi yawan shara amfani: ka tabbatar iskar da fankoki suke turawa ciki ta fi wadda suke fitarwa yawa, kuma duk mai shiga ta bi ta raga. Idan aka yi haka, iska ce take fita ta kowane huji da tsaga na akwatin, ƙura ba ta samun hanyar shiga ta bayan fage. Idan kuwa fankar fitarwa ta fi ƙarfi, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta ramukan USB da duk inda ya samu, ragar ta zama ado. Node 202 yana da gurbin fanka biyu masu milimita 120 a ɓangaren katin hoto, kuma tunda ba ka da katin, ka sa ɗaya tana turo iska ciki a hankali. Ka sayi mai waya huɗu, wadda bod yake iya sarrafa gudunta daidai, ka shiga BIOS, wato shafin saitin bod, ka saita ta ta zauna wajen juyi 700 zuwa 800.

Ka kuma guji duk akwatin da ya zo da siririn fawa-fak ɗin nan da ake kira Flex ATX idan shiru kake nema. Fankarsu milimita 40 ce, kuma fanka mai 120 ta ninka ta sau tara a fili, saboda haka ƙaramar sai ta yi ta gudu tana tsiwa kafin ta tura abin da babbar take turawa cikin natsuwa. Na taɓa haɗa wa wani irin wannan saboda ƙanƙantarsa ta burge shi, bayan kwana huɗu ya dawo da shi ya ce kamar sauro ne ya shiga kunnensa.

Baban Sumayya:
Allah ya saka muku da alheri, Hajiya kuma na gode ƙwarai, domin na tabbata da leshin nan za a tarbi tawa. Akwai abin da na manta ban faɗa ba: finafinan suna cikin had-dis babba ne, mai inci 3.5, terabait 8. Zai shiga Node 202?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Ba zai shiga ba, gurbinsa na masu inci 2.5 ne guda biyu, kuma had-dis masu juyawa da ake sawa a irin wannan gurbi mafi girmansu terabait 5 ne, shi ma mai kaurin milimita 15. Da ka faɗi wannan tun farko da na fara da shi. Ko dai ka sa had-dis ɗin a gidansa na waje mai USB da cajarsa, tunda mai inci 3.5 yana bukatar bolt 12 wanda USB ba ya bayarwa, ko kuma ka bar shi a tsohuwar kwamfutar ka mayar da ita wani ɗaki, Kodi ya riƙa jawo fim ta waya ko ta Wi-Fi. Ni na fi son ka nisanta shi da kabad ɗin ko ta wace hanya, domin had-dis mai juyawa yana girgiza, katako kuma yana amsa girgizar kamar ganga.

Ɗan Maraɗi:
Barin tsohuwar kwamfuta a kunne a wani ɗaki zai cinye duk wutar da aka yi tattali a falo. Gidan USB ɗin ya fi, a ajiye shi a kan wani abu mai laushi a wajen kantar, kuma a saita shi ya riƙa barci idan ba a karanta shi.

Ɗan Zage-zage:
Na janye maganar ruwa, amma ina roƙon a tausaya wa yaran. N100 ba za ta ɗauki wasan ƙwallo na zamani ba, ko an rage hoton. Idan Yaya ya saye ta, wata uku za a yi ya fara neman wata na'urar, kuma kuɗin ya zama biyu.

Injiniya Mai Ritaya:
A wannan ka fi ni gaskiya, ɗana, ni na manta da yaran saboda nawa sun girma. Idan wasan dole ne, to 5600G ɗin ta zauna, amma da sharaɗi biyu. Na farko, AMD ta ba da damar a saukar da ita zuwa wat 45 daga cikin BIOS, kuma a kallon fim ba za a ga wani bambanci ba, a wasa ma kaɗan ne, amma ƙarfen zai sami sauƙi sosai. Tunda akwatin yana karɓar har 56, ni zan ɗauki mai milimita 47 a kan mai 37, domin a ƙasa mai zafi kowane ƙarin ƙarfe yana da amfani, sai dai a duba kada ya taɓa ram, wato sandunan ƙwaƙwalwa da ke tsaye kusa da furosesa, a sayi ram gajere wanda babu dogon ado a kansa.

Na biyu, kuma shi ne wanda ba zan sassauta ba, a kira kafinta. Ya yanke bayan kantar, ko dai ya cire katakon gaba ɗaya, ko ya huda da'ira mai milimita 120 a sama-sama a ɗaura fanka mai fitar da iska. Akwai masu aiki da bolt 5 na USB, kuma ramin USB na talabijin yana ba da akalla wat 2.5, wanda ya ishi irin wannan fankar. Amfanin jona ta a talabijin shi ne a yawancinsu wutar USB tana zuwa ne idan an kunna, ta ɗauke idan an kashe, ka ga babu wanda zai manta. Sai a bar wa iska hanyar shiga ta gaba, ko a cire gilashin wannan kantar, ko a bar tsaga a ƙarƙashin ƙofar. Kabad ɗin kuma a janye shi daga bango kamar faɗin tafin hannu, in ba haka ba iskar da ta fita za ta daki bango ta dawo.

Maman Khalil:
Idan za a buɗe bayan, a sa raga irin ta taga, Alhaji. Kyankyasai da ƙadangaru suna son wuri mai ɗumi da duhu, mun taɓa samun ƙwai a bayan dikoda.

Injiniya Mai Ritaya:
Haka ne, Hajiya, a sa, amma mai manyan idanu, domin raga mai ƙananan idanu a bakin fankar fitarwa tana rage iskar kuma tana ƙara sauti.

Baban Sumayya:
Na dawo da rahoto bayan kwana biyu. Kafin in sayi komai na gwada maganar Injiniya da abin da nake da shi: na sa laftof ɗina a cikin kantar yana nuna fim, na ajiye ma'aunin zafi irin na ɗaki a gefensa, na rufe gilashin. Da azahar falon yana digiri 36, bayan awa biyu cikin kantar ya kai 44, kuma laftof ne fa, wanda bai kai abin da zan haɗa jan wuta ba. Da na buɗe ƙofar na janye kabad ɗin daga bango ya sauko zuwa 39. Na riga na yi magana da kafinta, zai zo ranar Asabar.

Abin da na tsayar shi ne 5600G a wat 45, bod Mini-ITX, Node 202 idan na same shi da farashin da zan iya, ƙarfe mai milimita 47, fanka ɗaya mai 120 a ciki, wata a bayan kabad, had-dis kuma a waje. Saura abu ɗaya da ban gane ba: man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen, wanda ya zo a kwali ya isa, ko sai na sayi na daban saboda zafinmu?

Mai Gyaran Kwamfuta:
Wanda ya zo a kwalin ya isa, Malam, bambancinsa da mai tsada 'yan digiri ne da ba su kai abin da kafinta zai samo maka ba. Ka ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan a gicciye yadda ƙarfen zai zauna daidai, kuma ka duba ƙasan ƙarfen ka cire ledar da ke manne idan akwai, domin an sha kawo mana kwamfuta tana zafi ashe ledar ce ba a ɓare ba. Kafin ka biya kuɗin bod kuma ka tabbatar ramin HDMI ɗinsa aƙalla 2.0 ne, don akwai tsofaffin bod na AM4 masu 1.4 da ba sa ba da 4K sai a hoto 30 a daƙiƙa, sannan ka tambayi mai shagon ko BIOS ɗinsa ya san 5600G, tunda ita a 2021 ta fito kuma wasu bod ɗin sun girme ta. Ranar da za ka hura ƙura da bulowa, ka riƙe fankar da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima.

Ɗan Maraɗi:
Idan ka gama haɗawa ka sake sa ma'aunin nan a kantar da azahar, ƙofa a rufe da kuma a buɗe, ka kawo mana lambobin. Kabad ɗina kusan irin naka ne, kuma ina son in sani ko fankar bayan ita kaɗai ta isa kafin in sa a cire mini gilashi.